Daga Buhun 'Yar Tailan Zuwa Teburin Mutanen Tailan

 Na san sunan Tailan ba baƙo ba ne a madafinki. Shekara da shekaru shinkafarsu na sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta ratsa Nijar, ta shigo mana ta Kwangwalam da Babban Mutum, a wayi gari tana kasuwar Mai'aduwa da ta Daura. Har lokacin da marigayi Shugaba Buhari, ɗan garin nan, ya rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, mata da yawa ba su yarda an yi biki ba sai da ita.

To amma ranar da maigida ya ɗauke ki zuwa gidan abincin mutanen Tailan, a Abuja ne ko Legas ko Dubai kan hanyar Umara, nan za ki gane buhunsu kawai muka sani. Yawan waɗannan gidaje kuwa ba haka kawai ya faru ba, gwamnatinsu ce ta fito da shiri a 2002 don yaɗa su a duniya.

Mamaki na farko shinkafar ce da kanta. Wadda suke aiko mana gumi ce, an turara ta kafin a casa, shi ya sa take warara. Su kuwa tasu fara ce mai laushi da ƙamshi, suna kiranta hom mali, a arewacin ƙasar ma mai danƙo suke ci, a mulmula da hannu kamar tuwo. Mace takan ɗauka ruwa ne ya yi wa mai girkin yawa.

Sai ƙorafin da aka fi ji daga bakin mutanenmu, musamman iyayen gida maza: sukari a abincin gishiri. A faranti ɗaya za ki ji zaƙi da tsami da yaji. Taliyarsu pad thai da tsamiya da dakakkiyar gyada da ƙwai ake yinta, duk kayan da ke gidanki ne, haɗin ne dai ba namu ba. Farfesunsu tom yum yakan fi karɓuwa, don akwai barkono da lemon tsami da ciyawar nan mai ƙamshi da muke dafa shayi da ita. Wasu kuma wari ke korarsu, na ruwan kifin da ake jiƙawa da gishiri wata da watanni. Ni dai a nan ban ga bakin maganarmu ba. Mu da muke jefa daddawa a miyar kuka?

Abin da ya fi cancantar ki tsaya a kansa shi ne halacci. Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, kuma naman alade na cikin abincinsu na yau da kullum. Ko kin ce a kawo miki kaza, romon da aka dafa miyar da shi yana iya zama na ƙashin alade, kaskon suyar ma ɗaya ne, wasu masu girkin kuma kan zuba giyar girki irin ta Sinawa. Kada kunya ta hana ki tambaya: wa ya yanka naman, da wane romo aka yi, an raba tukwane? In amsar ba ta gamsar ba, ku tsaya kan kifi da ganye, ku ce a wanke kasko, ko ku tashi.

Kada kuma ki ɗauka duk ƙasar haka take. Jihohin kudu irin su Fattani da Yala da Naratiwat Musulmi ne suka fi yawa, kuma Majalisar Musulunci ta ƙasar na ba da tambarin halal. Akwai ma miyar da ake kira massaman, wadda masana ke danganta sunanta da kalmar Musulmi. Da nama da dankali da gyada da madarar kwakwa ake yinta, ga kirfa da kanumfari, ta yi kusa ƙwarai da miyar gyadarmu. In da yara kuka je ita za ki fara nema musu, yajinta kaɗan ne, kuma ki karɓa musu cokali, don mutanen Tailan ma da cokali suke cin shinkafa.