Allurar Rigakafi Daga Ganyen Taba

Cikin alluran rigakafi ɗari da a ke yi wa mutanen Afirka, kimanin guda ɗaya ne kawai a ke haɗawa a nan. Sauran duka sai an sayo daga ƙetare, in annoba ta taso kuwa sai mu jira masu ita su gama da nasu mutanen tukuna. Don haka ne masana su ka daɗe suna neman wata hanya mai araha, har su ka kai ga shuke-shuke.

Da fari Charles Arntzen na Amurka da abokan aikinsa sun yi tunanin a sa maganin cikin abinci. A 1998 aka ba waɗansu mutane ɗanyen dankalin Turawa mai ɗauke da shi, su ka ci, jikinsu kuwa ya karɓa. Amma wani dankali ya fi wani magani, ba yadda likita zai auna abin da mutum ya ci, sai aka bar wannan hanya.

Yanzu da wata 'yar'uwar taba ta ƙasar Ostareliya a ke aiki. A kan tsoma ganyenta cikin ruwa mai wata ƙwayar halitta, ita ce ke kai wa ganyen umurni ya ƙera abin da ya yi kama da ɓawon ƙwayar cuta, ba cutar kanta ba. Bayan kamar mako guda sai a yanke, a niƙa, a tace. Allurar mura da a ke yi cikin ƙwan kaza kuwa ta kan ci wajen wata 6. Shuka ba ta bukatar manyan tukwanen ƙarfe masu tsada, ruwa da haske da taki sun ishe ta.

Amma fa kada masu karatu su zaci aikin lambu ne. Cikin rufaffen ɗaki a ke renonta, kuma tacewa da gwaji a jikin dubban mutane su ne ke cin kuɗi, shuka ba ta rage wannan ba.

Kamfanin Medicago na Kanada ya ƙetare duk waɗannan. A Fabrairu 1922 ba a san irin wannan ba, amma a Fabrairu 2022 gwamnatin Kanada ta yarda da allurarsa ta korona, wadda ta kare kimanin mutum 70 cikin 100. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi karɓarta, don a lokacin kamfanin sigari na Philip Morris yana da hannun jari a ciki. Ƙasashen matalauta, waɗanda ke bin hatimin hukumar nan, ba su samu ba, a 2023 kuma aka ba da sanarwar rufe kamfanin. A ganinmu wannan hasara ce babba.

Tarayyar Afirka ta ƙudura ta riƙa haɗa kashi 60 cikin 100 na alluranta kafin 2040. Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta yi shekaru tana binciken wannan hanya, ya kamata gwamnatocinmu su aika da ɗalibai can su koyo.