Mudun Ingilishi, Ƙwaƙwalwar Mai Sifaniyanci

Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta daɗe tana nanata cewa tsofaffi 'yan asalin Latin Amurka sun fi fararen fata kamuwa da ciwon mantuwa da kusan ninki ɗaya da rabi. Adadin yana damuna, don a ganina wani kaso nasa daga mudun awon ya fito.

Gwajin ƙwaƙwalwa na MMSE, wanda Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, maki 30 ne, kuma da Ingilishi aka gina shi. Da aka mayar da shi Sifaniyanci, kalmomi sun ƙetara, nauyin tambayoyi bai ƙetara daidai ba. Akwai wata jimlar Ingilishi da ake sa tsoho ya maimaita; an fassara ta, ta koma maganar da babu mai yin ta a gida. Ana tambayar wane yanayi ake ciki a shekara, alhali dattijuwar da ta tashi a Karibiyan damina da rani ta sani.

A gwajin riƙe lambobi abin ya fi fitowa fili. Daga 1 zuwa 9, lamba ɗaya ce kawai mai gaɓa biyu a Ingilishi. A Sifaniyanci shida ne. Kalma in ta yi tsawo takan ci wuri a ƙwaƙwalwa, sai mai lafiya garau ya riƙe kaɗan, a rubuta masa rauni. Ga kuma jika da ake sa shi tafinta a asibiti, wanda tausayi kan sa ya gyara wa kakarsa amsa.

Gaskiya ne ciwon sukari ya yi yawa a wannan al'umma, kuma shi da hawan jini suna lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ban musa ba. Amma wannan dalili ne na a auna da kyau.

Ɓarnar ta fuska biyu ce. Wani a ce ya ruɗe, 'ya'ya su karɓe makullin mota da ragamar kuɗinsa, alhali kunne ne ya yi nauyi. Wani kuma likita ya ɗora ƙarancin makinsa kan harshe, cutar gaske ta yi nisa.

Ba a rasa mudun da ya fi dacewa ba: tun 1999 masana a Meziko suka fitar da gwajin NEUROPSI, wanda aka gwada har a kan waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Shi kuwa gwajin MoCA, maki ɗaya yake ƙara wa duk wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, ko da aji biyu ya yi.