Shanun Bunaji da Aikin Huɗa: Yadda Za A Kiyaye Irinsu

Bunaji, waɗanda wasu ke kira Yakanaji, su ne fararen shanun nan masu baƙin kunne da baƙin hanci da dogayen ƙahoni. Sun fi kowane irin shanu yawa a Nijeriya. Ƙidayar dabbobi da aka yi a cikin shekarar 1990 ta nuna cewa wajen kashi 37 cikin ɗari na shanun ƙasar nan Bunaji ne. Su da Bokoloji na ƙasar Sakkwato su ne manoma suka fi ɗaura wa garma da amalanke.

Dalilin haka a jikin dabbar yake. Farin gashi yana mayar da zafin rana, baƙar fatar da ke ƙarƙashinsa kuwa tana kare jiki daga ƙuna. Dogayen ƙafafu suna jure tafiya. Sa'an nan ga tozo, wanda karkiya ke jingina da shi idan sa ya sunkuya yana ja. Har ila yau Bunaji yana iya cin rani da harawa da karan dawa da 'yar dusa, ya kai damina da sauran ƙarfinsa.

Aikin garmar shanu ya fara kafuwa a Arewa ne a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da ake ƙarfafa noman gyaɗa da auduga. A cikin shekarar 1928 aka buɗe gonar kiwo ta Shika, kusa da Zariya, domin zaɓe da kyautata shanun gida. Ita ce ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a 1976.

Inda Hatsarin Yake

Mai yiwuwa a yi mamaki, yaya za a yi maganar kiyaye irin da ya fi kowane yawa? Ai yawa daban, nagarta daban. Manomin da ya je kasuwa neman san huɗa, maraƙin da ya fi faɗin ƙirji da ƙarfin ƙafa zai zaɓa, ya kai gida ya fiɗiye shi domin ya yi sanyin hali. Mahauci kuma wanda ya fi girma yake nema. Makiyayi da buƙata ta matsa masa, wanda zai fi kuɗi yake fitarwa. To, fiɗiyayyen sa, ko da ya shekara bakwai yana huɗa, ba ya barin ɗa ko ɗaya. Idan aka ci gaba da haka, ragowar maruƙan da kowa ya ƙi su ne za su riƙa barbarar garke. Ba a ganin ɓarnar a shekara ɗaya ko biyu, domin saniyar Bunaji a hannun makiyaya takan kai shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, bayan haka kuma sau da yawa sai kusan shekara biyu-biyu take haihuwa. Sai an daɗe sa'an nan a lura shanun garke sun ƙanƙance, ga shi kuwa gyaran ma irin wannan jinkiri yake ɗauka.

Hatsari na biyu shi ne gauraya iri barkatai. An daɗe ana haɗa Bunaji da shanun Turai irin su Firishiyan a Shika da Vom domin ƙarin madara, kuma wannan yana da amfaninsa a gidan gonar da ke da abinci da magani da inuwa. Amma ruwa-biyun da ake samu tozonsa ƙarami ne, zafi da kaska sun fi damunsa. Sakin irin wannan bijimi a cikin garken ƙauye ganganci ne.

Cuta ma ta sha yin ɓarna. Annobar bushiya ta ƙarar da garkuna a wajen 1890, ta sake dawowa a 1983. An bayyana kawar da ita daga duniya a 2011, amma ciwon huhu da sammore suna nan.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Tun maruƙa suna ƙanana makiyayi ya ware wanda ya fi kyan ƙira, mai miƙaƙƙen baya da lafiyayyun kofatai, wanda uwarsa mai nono ce, ubansa kuma ba mai faɗa ba ne. Wannan shi ne bijimin garke: ba a fiɗiye shi, ba a kai shi kasuwa kome tsadar da aka taya. Daga sauran ne za a fitar da na huɗa. Kada bijimi ya daɗe a garke ɗaya har ya hau 'ya'yansa. Bayan shekara uku ko huɗu a yi musanya da maƙwabci. Karsana mai kyau kuwa ita ce ta ƙarshen sayarwa.

Manoman da ba su da garke suna iya haɗa kai a ƙungiya su ajiye bijimi ɗaya nagari domin shanun gari. Allurar rigakafin ciwon huhu ta shekara-shekara wajibi ce. Mai neman shawara kan zaɓen bijimi sai ya tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin Ma'aikatar Raya Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024.