Matsayin Ƙungiyar Masu Sana'a a Harkar Ba da Bashi da Karɓo Shi: Misali daga Amurka



Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sun kuma ce cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya. Tsakanin daɗin nan da wuyar nan akwai wata sana'a wadda ba a cika yin maganarta a zauren ilmi irin wannan ba, watau sana'ar masu karɓo wa mutane bashin da ya maƙale. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda masu wannan sana'a, da 'yan'uwansu masu auna wanda ya cancanci a ba shi bashi, suka haɗa kansu suka kafa ƙungiyoyi, da irin aikin da ƙungiyoyin ke yi, da kuma inda ƙarfinsu ya tsaya. Na zaɓi Amurka don ta zama misali, domin a can ne sana'ar ta fi bunƙasa, kuma a can ne aka fi ja-in-ja a kanta tsakanin 'yan kasuwa da majalisa da kotu.

Tushen al'amarin

Bashi dai aba ce da aka gina a kan sanayya. A kasuwar ƙauye mai kanti ya san wanda ya ba kaya, ya san ubansa, ya san gonarsa. Ko a fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi, fatoma ne ke tsayawa tsakanin baƙon falke da mai saye, shi ya san wanda ke biya da wanda ke gudu, kuma mutuncinsa ne jinginar cinikin. To, idan ƙasa ta yi faɗi, ciniki ya wuce inda ido ke kaiwa, wannan sanayya sai ta gaza.

Haka ta faru a Amurka. A shekarar 1837 kasuwa ta rushe a can, manyan 'yan kasuwa na birnin Niyok da suka ba 'yan tireda na garuruwa masu nisa kaya bashi suka rasa dukiyarsu. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai gidan su Lewis Tappan, masu cinikin siliki. A 1841 wannan mutum ya buɗe wani ofis wanda aikinsa kawai shi ne tattara labarin 'yan kasuwa: wane ne mai gaskiya, wane ne mai almubazzaranci, nawa ne jarin wane. Yana da wakilai a garuruwa, yawancinsu lauyoyi, suna rubuto masa rahoto. Abraham Lincoln ma, kafin ya zama shugaban ƙasa, ya taɓa yin wannan wakilci. Ofishin nan shi ne asalin kamfanin da aka sani daga baya da sunan Dun & Bradstreet.

Wajen wannan zamani ne kuma aka fara daina ɗaure mutum a kurkuku saboda bashi. Gwamnatin tarayyar Amurka ta soke wannan hukunci a 1833, Ingila kuma ta taƙaita shi ƙwarai da dokar 1869. Ku lura da abin da wannan ya haifar. Da aka ɗauke tsoron kurkuku, sai ya zama mai bin bashi ba shi da makami sai guda uku: ya yi bincike kafin ya bayar, ya yi ta tuni da lallashi bayan ya bayar, in duk sun ƙi ya kai ƙara a ƙwace kadara. Daga nan ne sana'o'i biyu suka tsiro, ta auna mai neman bashi da ta karɓo bashi.

Kafuwar ƙungiyoyi

Masu auna bashi su suka riga haɗa kai. Bayan wata rushewar kasuwa da aka yi a 1893, ma'aikatan da ke kula da sashen bashi a manyan kamfanoni suka taru a birnin Toledo na jihar Ohayo a 1896, suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira NACM. Damuwarsu a fili take. Maƙetaci kan karɓi kaya a wurin kamfani biyar, ya ɓoye su, ya ce ya karye, alhali babu ɗaya daga cikin kamfanonin da ya san abin da ya sami ɗan'uwansa. Saboda haka suka shirya musayar labari a tsakaninsu, suka kuma goyi bayan dokar tsiyacewa ta tarayya wadda aka zartar a 1898, domin a riƙa raba abin da ya rage na wanda ya karye a tsakanin masu binsa bisa ƙa'ida, maimakon mai saurin ƙafa ya kwashe duka.

Masu karɓo bashi kuwa sai a 1939 suka kafa tasu babbar ƙungiya, American Collectors Association, wadda ta sake suna a 2001 ta koma ACA International. Mazauninta yana jihar Minesota, tana kuma da ofis a Washington kusa da majalisa. Mambobinta sun haɗa da kamfanonin karɓo bashi, da lauyoyin da ke wannan aiki, da masu ba da bashin kansu, da kamfanonin da ke sayen bashi.

A nan ya kamata in yi ɗan bayani a kan yadda ake samun kuɗi a sana'ar, gama sai an gane wannan za a gane dalilin kafa ƙungiya. Asibiti ko banki ko kamfanin waya, idan ya gaji da tuni, yakan miƙa bashin ga kamfanin karɓo, a yi yarjejeniya cewa za a ba shi la'ada daga abin da ya karɓo. In bai karɓo kome ba, ba shi da kome. Wata hanyar kuma ita ce a sayar da bashin ɗungum a farashi mai rahusa. Hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta yi bincike a kan manyan masu sayen bashi, ta bayyana a 2013 cewa a matsakaici suna biyan kimanin santi 4 ne a kan kowace dala ɗaya ta bashin da suka saya. Duk abin da suka tatso sama da haka riba ce. Kun ga ke nan tsarin biyan da kansa yana tura mutum ga matsa wa wanda ake bi. Wanda ya fi tsoratarwa ya fi samu, mai ladabi kuwa ya koma gida hannu wofi. Wake ɗaya kuma shi ke ɓata gari: mutum guda ya zagi wata gwauruwa a waya, sunan sana'ar gaba ɗaya ya ɓaci.

Ayyukan ƙungiya

Aiki na farko shi ne tsara ƙa'idojin ɗa'a. Duk kamfanin da ya shiga ƙungiyar yakan ɗauki alkawarin bin su, akwai kuma kwamitin da ke sauraron ƙorafi a kan mamba, wanda ke iya yi masa gargaɗi, ko dakatarwa, ko kora. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Dillalai sun daɗe suna hukunta ɗan sana'ar da ya ci amana tun kafin magana ta kai gaban alƙali, domin sun san abin kunyar mutum ɗaya na kowa ne.

Aiki na biyu shi ne koyarwa. Dokokin da suka shafi karɓo bashi a Amurka suna da yawa, akwai na tarayya, kowace jiha kuma da nata, wasu jihohin sai da lasisi da ajiyar kuɗin jingina ake aiki a cikinsu. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma ba zai iya ɗaukar lauyan da zai bi masa duk wannan ba. Ƙungiya ce ke shirya kwasa-kwasai da jarrabawa, ta ba da takardar shaida, ta buga mujalla mai suna Collector, ta sanar da mambobi duk hukuncin kotu da ya sauya yadda ake aiki. A ganina wannan shi ne mafi amfanin ayyukanta ga talaka, ko da yake ba don talaka aka shirya shi ba, domin ma'aikacin da ya san doka ya fi wanda bai sani ba sauƙin sha'ani.

Aiki na uku shi ne zama bakin mambobi a gaban hukuma. Ƙungiyar takan aika wakilai majalisa, ta rubuta ra'ayinta duk lokacin da za a kafa sabuwar ƙa'ida, tana da asusun tallafa wa 'yan takara, takan kuma kai gwamnati ƙara. Misali, a 2015 hukumar sadarwa ta Amurka ta fassara wata doka ta 1991, wadda ta taƙaita kiran mutane da na'ura mai buga lamba da kanta, fassara mai faɗin gaske. ACA International ta kai ƙara, a watan Maris na 2018 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta soke wannan ɓangare na fassarar, bisa hujjar cewa in an bi ta, kusan kowace wayar hannu ta zamani za ta shiga cikin haramcin. Har wa yau, a 2020, lokacin annobar korona, jihar Masacusets ta hana masu karɓo bashi kiran mutane a waya na wani ɗan lokaci. Ƙungiyar ta garzaya kotun tarayya, aka dakatar da hanin.

Inda ƙarfinta ya tsaya

To, jama'a, a nan ne gizo ke saƙa. Ku dubi aiki na farko da na uku. A na farko ƙungiya alƙali ce a kan mambobinta, a na uku kuwa lauyarsu ce. Kuɗin da take gudana da shi daga aljihunsu yake fitowa. Shiga cikinta ba dole ba ne, mafi girman horon da take da shi kuwa shi ne kora, wanda aka kora kuma gobe zai buɗe ofishinsa ya ci gaba da aiki. Mafi muni cikin masu sana'ar ma ba su taɓa shiga ba balle a kore su.

Tarihi ya tabbatar da wannan. Ƙungiyar ta yi shekara 38 tana aiki, duk da haka koke-koke ba su ƙare ba: kira da tsakar dare, zagi, mutum ya yi ƙaryar shi ɗan sanda ne ko lauya, a tona asirin mutum a wurin maigidansa ko maƙwabtansa. Sai a 1977 majalisar Amurka ta kafa dokar adalci wajen karɓo bashi, Shugaba Jimmy Carter ya sa mata hannu, ta fara aiki a 1978. Dokar ta hana kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare. Ta hana zagi da barazanar abin da ba za a iya aikatawa bisa doka ba. Ta hana gaya wa wani dabam cewa ana bin wane bashi. Ta wajabta a aika wa wanda ake bi takarda cikin kwana 5 mai bayyana yawan kuɗin da sunan mai su, shi kuma yana da kwana 30 ya musa, in ya musa a rubuce dole a dakata sai an kawo shaida. Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara, a biya shi asararsa, a ƙara masa har dala 1,000. Daga baya hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, wadda dokar 2010 ta kafa, ta fitar da ƙa'idar da ta fara aiki a ƙarshen Nuwamba 2021, inda aka ɗauki kiran mutum fiye da sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi guda a matsayin alamar takurawa.

Akwai wani abu a cikin dokar 1977 da nake so ɗalibai su riƙe. Cikin manufofin da majalisa ta rubuta a farkonta har da kare masu karɓo bashi na kirki, kada masu mugun hali su fi su ciniki. Watau doka ta yi wa mambobin ƙungiya abin da ƙungiyar ta kasa yi musu, ta ɗaure hannun wanda ke waje. Ita kuma ƙungiya ta ɗauki dokar ta mayar da ita darasi da jarrabawa da aikin yau da kullum, abin da majalisa ba ta da hanyar yi. Kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Amurka. Ruwanmu kuwa ya yi tsaki. A Nijeriya an kafa dokar tattara bayanan masu cin bashi a 2017, wadda ta tsara aikin ofisoshi irin wanda Tappan ya fara. Sa'an nan kamfanonin ba da rance ta wayar hannu suka yawaita, wasunsu suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, in ya yi jinkiri su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙo cewa ɓarawo ne. A 2022 hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, ta kuma fitar da ƙa'idar rajista. Laifin da Amurka ta haramta a 1977 shi ne ya dawo mana cikin sabuwar riga.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan hukuma da ke nan. Wata rana wakilan wata ƙungiyar masu sana'a za su zo ofishinku su ce a bar su su kula da kansu. Ku saurare su da kyau, gama sun fi ku sanin sana'arsu, kuma ƙa'idar da aka rubuta ba da shawararsu ba sau da yawa ba ta aiki. Amma ku tambaye su abu uku: mamba nawa kuka hora, wa ke kula da waɗanda ba mambobinku ba, kuma ina wanda ake bi bashi zai kai kukansa in ku kuka ƙi jinsa? Ku tuna mai bin bashi yana da haƙƙi, domin in ba a biya ba gobe ba mai bayarwa, talaka ne kuma zai fara rasa rance. Wanda ake bi shi ma yana da mutunci, bashi bai sayar da shi ba. Ƙungiya tana zaune a ɓangare ɗaya na wannan ma'auni, ɗaya ɓangaren kuwa amana ce a hannunku.