Laifi A Filin Wasa: Edita Ne Gishirin Littafi

A shekarar 2020 Babban Laburaren Birtaniya ya fitar da littafi mai suna Settling Scores, watau tarin gajerun labaran binciken laifi da suka shafi wasanni. Martin Edwards ne ya tattara su. Ciki har da na Sherlock Holmes, inda wani ɗan wasan rugbi na Jami'ar Kambirij ya ɓace ana gobe za su kara da Oksfod.

Irin wannan littafi alƙalai biyu gare shi. Ɗan kallon ƙwallo ba ya yafe kuskure a dokar wasa, shi kuwa mai son labarin bincike ba ya yafe a ɓoye masa shaida sai shafin ƙarshe. Edita ne zai gamsar da su duka. Edwards ya yi ƙoƙari, don ya tono tsofaffin labaran da aka manta, ya kuma gabatar da kowane marubuci a taƙaice.

Sai dai mai saye ya sani, ƙwallon ƙafa kaɗan ce a ciki, labarin H. C. Bailey ne ya tsaya a kanta. Wanda bai ƙoshi ba sai ya nemi The Arsenal Stadium Mystery na Leonard Gribble, na shekarar 1939. A nan ne wani ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi a filin Highbury ana tsakar wasa, ashe guba aka sa masa.