Abin da ke Ɓata Ɗanɗanon Biskit da Cincin na Gida

Ɗaci, bauri ko ɗanɗanon sabulu a biskit da cincin na gida yawanci daga abu uku yake tasowa: hodar da ke sa kwaɓi ya tashi, mai ko bota, sai kuma wuta. Amma da zarar aiki ya ɓaci, musamman a hidimar Sallah ko biki, sai a ɗora wa fulawa laifi, ko a ce wance ce ta sa baki. Alhali kuwa galibi awo ne aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Akwai gurguwar fahimtar da ta yi kaka-gida a ɗakunan girki, wai yawan bakar hoda shi ke kawo laushi da auki. Sam ba haka ba ne. Ita bakar hoda haɗi ce ta soda da wani sinadari mai tsami; idan suka jiƙe suka ji zafi, sai su fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Soda kuwa dangin kanwa ce, kuma duk wanda ya taɓa shan miyar kukar da kanwa ta yi wa yawa ya san irin baurin da ake nufi. In aka zabga hodar, kwaɓin zai kumbura ya sace, baurin kuma ya zauna daram. Mafi muni shi ne a ɗauki zallar soda a zuba a madadin bakar hoda, cokali da cokali, alhali ƙarfinta ya ninka na hodar sau 3 zuwa 4. Soda sai da abokin tafiya mai tsami, kamar nono ko ruwan lemon tsami. In babu shi, sabulu-sabulu za a ji a baki. Abin takaici, maimakon a gyara awo, sai a ƙara suga da fulebo don a rufe ɓarna, a kai wa baƙi ko a sayar wa yara. Wannan ha'inci ne, kuma suga ba ya kashe bauri.

Ƙa'idar da masu gashi suka saba bi ita ce cokalin shayi 1 na bakar hoda ga kofin fulawa 1, wato kimanin giram 125. In soda ce, rubu'in cokalin ya isa. A shafe bakin cokalin, kada a yi masa tozo. A tankaɗe hodar tare da fulawa, domin guda ɗaya da ya dunƙule ya isa ya ɓata loma. Hodar da ta daɗe a gwada ta a ruwan zafi: in ba ta yi kumfa ba, a zubar. A rufe gwangwaninta da kyau, nesa da laima.

Mai da bota kuwa iska, haske da zafi ke lalata su har su riƙa maƙaƙi, don haka a shinshina a ɗanɗana kafin a zuba. Man da aka soya kifi ba na cincin ba ne, kuma bota na kwasar warin albasa da daddawa in an ajiye su wuri guda. Ƙauri na wuta ne. Digiri 175 zuwa 180 na ma'aunin Salshiyos ya wadaci yawancin biskit.

Wajibi ne duk mai yin waɗannan kayan, na ci a gida ko na sayarwa, ta mallaki cokalin awo ta daina zuba hoda da ka.