Kafin Ka Aika Da Injin Buga Takarda Gida, Tambayi Lasisinsa

Daga cikin sana'o'in da 'yan Arewa mazauna Kudu suka fi son kafa wa ƙannensu a gida, akwai shagon buga takardu. Mutum ya yi shekaru yana fama a Mile 12 ko Agege ko Sabon Ibadan, ya tara 'yan kuɗinsa, sai ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya sayi kwamfuta da injin bugawa, ya ɗora a mota zuwa Azare. Daga nan a wuce da su Yana, hedkwatar ƙaramar hukumar Shira, ko Disina, a kama shago a bakin titi, a jawo janareta, yaro ya zauna.

Dabarar ba ta da laifi, domin aiki yana nan. A Azare akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya wadda aka amince da kafa ta a 2021, ga kuma jami'ar jihar Bauchi a Gadau. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma kowane ɗalibi sai ya buga takardar shaidar rajista. Ga sakamakon WAEC da NECO, ga takardar kiran bautar ƙasa, ga katin ɗaurin aure da na suna, ga fastar 'yan takara in zaɓe ya ƙarato.

To, amma akwai abu guda da masu aika kayan suke mantawa da shi, kuma shi ne yakan tsai da shago bayan an kashe kuɗi. Injin da ka saya naka ne, ƙarfe ne, kana iya sayar da shi gobe. Manhajar da ke sa shi aiki kuwa ba taka ba ce. Izinin amfani da ita kawai ake ba ka, kuma wannan izini shi ake kira lasisi.

ABIN DA MANHAJAR KE YI

Idan aka danna a buga takarda, ba kai tsaye take faɗawa cikin injin ba. Da farko manhaja za ta juya rubutun zuwa yaren da injin yake ganewa, kamar PostScript na kamfanin Adobe ko PCL na kamfanin HP. Sannan ta sa aikin a layi, kowa ya jira nasa. A wuraren da jama'a suke da yawa, kamar makaranta ko asibiti ko shago mai kwamfuta biyar, akan ƙara wata manhaja wadda aikinta shi ne karɓar aiki daga kowace kwamfuta ko waya, ta rubuta wanda ya aiko, ta ƙidaya shafuka, ta riƙe aikin har sai an biya.

Ga wanda yake Legas alhali shagonsa yana Yana, wannan ƙidaya ita ce idonsa. Ba tare da ita ba, lissafin shago ya rage ga abin da aka rubuta a littafi da biro, kuma zumunci da yawa ya yi tsami a kan bandir ɗin takarda da ya ƙare ba a ga kuɗinsa ba.

Lasisin irin wannan manhaja kashi uku ne na halal, da na huɗu wanda ba lasisi ba ne. Manomin Shira zai fi kowa saurin fahimta, domin al'amarin ya yi kama da na gona: akwai ta saye, akwai ta haya, akwai ta kyauta, akwai kuma wadda aka shiga ba da sanin mai ita ba.

NA BIYA SAU ƊAYA

Na farko shi ne wanda ake biya sau ɗaya a ci gaba da amfani da shi. Kamfanin PaperCut na ƙasar Ostareliya, wanda ya yi suna a makarantu wajen ƙidayar shafuka, ya daɗe yana sayar da irin wannan. Wani nau'in ana lissafa kuɗinsa da yawan mutanen da za su yi amfani da shi, wani kuma ta hannun dillalai ake samunsa, a lissafa da yawan injuna. CorelDRAW ta ƙasar Kanada, wadda ta fito a 1989 kuma masu zanen kati da fasta a Najeriya suka saba da ita, ana samunta a biya sau ɗaya, ana kuma samunta a haya.

Amfaninsa a fili yake: ko kasuwa ta yi sanyi, manhaja ba za ta rufe ba. Wahalarsa biyu ce. Kuɗin farko yana da nauyi, sannan gyare-gyare da sabon zubi sau da yawa sai an sake biyan wani abu a kowace shekara.

NA HAYA

Na biyu shi ne haya, wata-wata ko shekara-shekara. Adobe ta juya zuwa wannan tsari a 2013, ta daina fitar da sabon zubin manyan manhajojinta don sayarwa sau ɗaya. Microsoft ma tana da Universal Print, wadda ke tura aiki ta intanet, kuma a cikin kuɗin haya take. Shiga da sauƙi, gyara kuma yana zuwa da kansa. Amma ranar da aka daina biya, ranar aka rufe ƙofa.

A nan ne ya kamata mai shago a ƙasar Katagum ya yi lissafi da kyau, domin shi da naira yake ciniki, hayar kuwa yawanci da dala aka yanka ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. In a ce haya dala 10 ce a wata, kuma a ce ana buga shafi ɗaya a kan naira 50, a da shafi 92 zai biya ta. Bayan faɗuwar naira sai an buga shafi 300, kuma ba a cire kuɗin takarda da tawada da man janareta ba. Bugu da ƙari, a 2022 bankuna da dama sun taƙaita biyan dala da katin naira, wasu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a 2025 aka fara buɗewa. A tsakanin nan, mai kuɗi a hannu ma yakan rasa hanyar biya.

Sai kuma maganar intanet. Manhajar haya takan nemi ta gaisa da kamfaninta lokaci-lokaci don ta tabbatar an biya. Wadda ke bi ta intanet da aikin kansa kuwa, in sadarwa ta ɗauke, ɗalibi yana tsaye, injin yana kunne, amma takarda ba za ta fito ba.

NA KYAUTA IRI BIYU NE

Na uku shi ne kyauta, sai dai kyautar iri biyu ce, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai wadda ta yi kama da rijiyar waƙafi: masu ita sun rubuta a cikin lasisin cewa kowa ya ɗiba, ya gyara, ya ba wani. Misalinta CUPS, wadda wani Ba'amurke mai suna Michael Sweet ya fitar a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007, kuma ita ce ke kula da layin bugawa a kwamfutocin Linux. LibreOffice ta rubutu da Inkscape ta zane su ma haka suke. Abin da aka riga aka sake da irin wannan lasisi ba a iya janye shi. Tsadarta ilimi ne: sai an sami wanda ya iya ɗaura ta, kuma wasu injuna ba sa jituwa da ita.

Ɗaya kyautar kuwa aro ce. Google ta buɗe Cloud Print a 2010, jama'a suka yi ta tura aiki daga waya ba tare da biyan ko kwabo ba, sai a ƙarshen 2020 ta rufe ta. Makarantu da ofisoshin da suka dogara da ita dole suka nemi wata hanya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

WADDA AKA FASA

Na huɗu ita ce manhajar da aka fasa makullinta, wadda masu gyara kan zuba wa kwamfuta a matsayin gyara ciniki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta kare littafi. Ko an ajiye maganar doka a gefe, akwai haɗari. Manhajar sata ba ta samun gyara, kuma ɓarayin intanet sun san ƙofar bugawa. A 2021 an gano wata ɓaraka a layin bugawa na Windows wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare. A 2023 kuma PaperCut ta fitar da gyaran wata ɓaraka a watan Maris, zuwa Afrilu aka fara kai hari kan waɗanda ba su ɗauki gyaran ba, har da makarantu a Amurka. Kwamfutar shago cike take da hotunan fasfo da lambobin NIN da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, kuma duk amana ce.

Masu sayen kwamfuta tokumbo su ma su lura. Lasisin da ke kanta yana iya zama na ofishin da ya yi amfani da ita a Turai, bai kuwa zama dole ya biyo ta ba. Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025.

WANNE YA DACE?

Amsar tana ga girman shagon. Mai kwamfuta ɗaya da injin ɗaya, wanda ake turo masa aiki ta WhatsApp, ba ya bukatar sayen manhajar karɓar aiki ko kaɗan. Wadda ta zo da injin ta ishe shi, yawancin injuna kuma suna da ma'aunin shafuka a cikinsu, wanda za a iya ɗaukar hotonsa kowace Juma'a a aika wa mai shago. Sababbin injuna masu AirPrint ko Mopria suna karɓar aiki daga waya ba tare da ƙarin lasisi ba. Shago babba kusa da makaranta a Azare, ko ofis mai ma'aikata da yawa, shi ne zai ci ribar manhajar ƙidaya, kuma inda sadarwa ba ta da tabbas, wadda ke zaune a cikin kwamfutar shagon ta fi wadda ke bi ta intanet kwanciyar hankali.

Saboda haka kafin a biya dillali, a yi masa tambayoyi huɗu, ya amsa a rubuce a jikin rasit. Sau ɗaya ake biya ko haya ce? Da mutane ake ƙidaya ko da injuna? Tana aiki in babu intanet? In kwamfutar ta lalace, ana iya mai da lasisin kan wata? A kuma tabbata da sunan mai shagon aka yi rajista, ba da sunan mai gyara ba, domin mai gyara yana iya ƙaura, ya tafi da makullin.

Kuɗin da aka tara da zufa a Kudu bai kamata ya tsaya a kan takardar izini da ba a karanta ba. Allah ya sa wa nema albarka, ya maido da kowa gida lafiya.